Wutar da Aka Hana Iya Barira

A bikin 'yar ƙanena Hadi aka sake tayar da maganar. Muna zaune tsakar gida ana rabon goro, sai ya dubi yaransa ya ce, "Kun san jerin shagunan nan na bakin titi? Da yanzu namu ne. Kakarmu ce ta ƙi wurin, wai don an ba ta ashana." Aka kwashe da dariya. Ni ban yi ba. A gaban matarsa da surukansa na ce masa ya rufe bakinsa, bai san abin da yake faɗa ba. Lokacin da abin ya faru ko labarinsa babu. Ni ma ba a haife ni ba, amma ina wurin, domin ni ce cikin wata bakwai da aka yi duk wannan fargaba a kansa. Labarin kuwa daga bakin Iya na ji shi, na kuma ji daga bakin Kaltume, wadda za ku ji ko wace ce nan gaba. Shekara da shekaru ana mai da tsohuwar nan abin dariya a danginmu, kuma na gaji.

Sunanta Barira, mu dai Iya muke ce mata. Ita ta haifi mahaifina. A wani ƙaramin ƙauye aka haife ta a hayin kogi, gaba da Gwaram, can ta yi aure, can mijinta ya rasu ya bar ta. Haihuwa tara ta yi, biyu suka tsaya. Ba ta yi boko ba, allonta ma bai yi nisa ba. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma kafin wannan shekarar iyakar tafiyarta kasuwar Gwaram. Gajeriya ce, siririya, gwiwarta ta hagu tana damunta, ba ta da yawan magana. Mahaifina Iliyasu shi ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta taɓa kama sunansa ba. Da yana yaro "kai" take ce masa. Da ya fara jan babbar motar Alhaji Barau tsakanin Kano da Maiduguri, sai ta samu sauƙi, ta koma ce masa Direba.

Mahaifiyata Zahara'u ba ta da uwa, tun tana ƙarama ta rasu. Cikinta na fari ya zo ba rai. Na biyu ya faɗo tsakiyar damina. Kwana biyu tana naƙuda, maza duk suna gona, Baba yana kan hanya. Da aka samu masu ɗaukarta aka kai ta bakin kogi, sai aka tarar ya kawo, ba mai iya ƙetarewa. Nan bakin ruwa yaron ya zo, shi ma ba rai, ita kuma ta zubar da jinin da sai da ta yi wata biyu ba ta iya ɗaukar tulu. Ma'aikacin ɗakin shan magani na Gwaram ya gaya wa Baba kai tsaye cewa in ta sake samun ciki, a kai ta kusa da babban asibiti tun da wuri, in ba haka ba a yi haƙuri da ita.

Ta sake samu. Shekarar 1975 ce, shekarar da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin ma'aikata, ya shigo, kowa yana neman siminti da kwanon rufi. Baba ya yanke shawarar a tashi gaba ɗaya a koma Birnin Kudu, ga asibiti, ga hanyar da motarsa ke bi. Alhaji Barau yana da sabon gida a sabuwar unguwar da ake yankawa a bakin titi. Ya ce Baba ya shiga, in ya ji daɗinsa daga baya a yi maganar saye. Sai dai ya ba da amsa kafin Juma'a, don akwai wani malamin gona da ke nema.

Iya ta ce sai ta gani da idonta. Ranar Litinin Baba ya sa ta a gaban mota ya kawo ta, ya sauke ta a gidan wani mutumin ƙauyenmu mai gyaran keke, sannan da la'asar ya kai ta ganin gidan. Ɗaki biyu, daɓen siminti, taga mai ƙarfe. Baba sai washe baki yake yi.

"Iya, kin ga famfo a bakin layi? Murɗawa kawai za a yi."

"Na gani."

"Ga asibiti can, farin ginin nan. Daga nan ana hango shi."

"Na gani, Direba. Wa zai kai ta?"

"Haba Iya, ai kusa ne."

"Kusa ne ga mai tafiya da ƙafarsa. Kai kana Maiduguri, ni ga gwiwata. In ta faɗi a tsakar gidan nan, ko juya ta ba zan iya ba."

Ta fito ƙofar gida ta tsaya tana duban saman gidajen layin. Lokacin ɗora tuwo ne, amma ba hayaƙi ko ɗaya.

"Mutanen nan ba sa cin abinci ne?"

Baba ya yi dariya. "Ma'aikata ne, Iya. Da risho suke girki, kananzir ake zuba masa."

Washegari da safe ta ari tsohon murfin langa a masaukinta, ta zuba toka a ciki, ta fita ita kaɗai.

Yaran yanzu ba su san ɗiban wuta ba, shi ya sa suke dariya. A ƙauyenmu ba mai sayen ashana. Wadda wutarta ta mutu sai ta shiga maƙwabta da ɗan abin zuba garwashi. Kuma ba a miƙo miki daga waje. Har gindin murhu za ki je, ki ga wa ke gida, wa ke kwance, a tambaye ki kwanan yara. Gidan da kwana biyu bai zo ɗiba ba, bai kuma yi hayaƙi ba, sai an leƙa an ga ko lafiya. Iya ba ta san yadda ake tambayar halin unguwa a birni ba, ba ta san kowa ba, kuma ta san in ta tambaya da baki kowa zai ce unguwarsu ta fi. Abin da ta sani shi ta yi.

Gida shida ta bi a layin. Uku da kwaɗo a ƙofa. Ɗaya ta yi sallama har sau huɗu, tana jin rediyo a ciki, ba a amsa ba. Ɗaya aka amsa daga ɗaki aka ce ba wuta. A na shida wata matashiya mai suna Lami ta buɗe ƙofa kaɗan, ta gaishe ta da ladabi, ta koma ciki ta kawo kwalin ashana cikakke.

"Riƙe duka, Iya, muna da wani."

"Allah ya yi albarka. Kun daɗe a nan?"

"Wata biyar. Wata mai zuwa ma za a yi wa maigidan canjin wurin aiki, Gumel za mu koma."

"Na kusa da ku fa, su wane ne?"

"Wallahi ban san sunan matar ba. Ina jin ta tafi Kano."

Ba na ƙarya, yarinyar nan ba ta yi laifin komai ba, alheri ta yi. Iya ma ta faɗi haka. Abin da ya tsaya mata shi ne ba a tambaye ta daga ina take ba, gidan wa ta sauka, me ya sa tsohuwa kamarta ke yawo da murfin langa. An ba ta abin da zai hana ta dawowa har wata guda, aka mai da ƙofa.

Da yamma ta gaya wa Baba gidan bai yi mata ba. Ransa ya ɓaci.

"To ina ya yi miki? Jibi Alhamis zan yi lodi in tafi, sai bayan kwana biyar. In ban ba Alhaji amsa ba kafin in tashi, gidan ya tafi. Mu koma ƙauye mu jira kogi ya kawo ke nan?"

Wannan maganar ta shige ta. Ruwan farko ya riga ya sauka. Ta baro Zahara'u ƙafafunta a kumbure, zobe ba ya fita daga yatsanta. Matar mai gyaran keke ta ce tuwon da aka kai wa Iya ran nan haka aka ɗauke shi.

Ranar Laraba ta shiga cikin gari. Tun hantsi take tafiya tana jan ƙafa. Kusa da tasha an ba ta wuta, amma gidajen haya ne, kowa da ƙofarsa, wadda ta ba ta ma ba ta san sunan mai unguwa ba. A wata unguwa mata suka karɓe ta hannu biyu har da ruwan sha, ranta ya fara kwanciya, sai da ta fito ta lura da wani layi a jikin katangu, daidai gwiwa, inda ruwan bara ya tsaya. Wurin kwari ne. Wadda ta taɓa zama a bakin kogi da mai naƙuda ba ta buƙatar a yi mata bayani. Ta wuce. A bayan kasuwa an ba ta, amma matan gidan suna tsakiyar zage-zage da na maƙwabta ta kan katanga a kan wata akuya, ba wadda ta dube ta.

Duk inda ta karɓa sai ta zaga lungu ta zubar, ta taka da takalmi, ta shiga gida na gaba. Wata mata ta gan ta tana yi.

"Ke tsohuwa! Ba ke ce kika ɗebi wuta a gidan Abu yanzun nan ba? Me kike haɗawa da wutar mutane?"

Kafin ta buɗe baki mata uku sun fito. Ɗaya ta ce asiri ne, ɗaya ta ce a kira mai unguwa, ɗaya ta janye ɗanta ta tura shi cikin gida. Iya ta san in ta ce gwada ku nake yi, abin ya fi muni. Wani dattijo da ke fitowa daga masallaci ne ya ce su bar baiwar Allah ta tafi. Ta koma masauki gwiwarta ta kumbura, ta shafa man shanu ta ɗaure da tsumma. Ta gaya mini a ranar ta fara tunanin ko ita ce ke shirin kashe yarinyar mutane da taurin kanta. Gidan Alhaji dai ana hango asibiti daga cikinsa.

Alhamis da safe saura unguwa ɗaya da aka kwatanta mata, can gindin dutse, tsofaffin gidajen ƙasa. Baba zai tashi bayan azahar. Ta ce za ta leƙa, in bai yi ba shi ke nan. Daga nesa ta hango hayaƙi mai kauri yana tashi daga wani gida, ta nufe shi. Ta yi sallama ta shiga. Wata ƙatuwar mata tana tsaye gaban babbar tukunya, ta ɗaure zani a ƙirji, gumi na zuba, tana tura itace. Ita ce Kaltume.

"Sannu da aiki. Wuta na zo ɗiba."

Kaltume ko juyowa ba ta yi ba. "Ba na bayarwa."

Ga garwashi jajir cike da murhu, wanda zai ishi gida goma. Kwana uku Iya tana yawo, ba wanda ya ce mata haka a fuska. Ta juya. Ta ce tana tafiya zuwa zaure tana shirya abin da za ta ce wa Direba: ka karɓi gidan Alhaji, birni duk ɗaya ne. Har ta sa ƙafa a waje.

"Ke baiwar Allah! Ina za ki da wannan ƙafar? Cewa na yi ba na ba da wannan, ban ce ki tafi ba. Wutar jego ce. Ke da furfurarki ba ki san ba a fitar da ita ba? So kike jaririn mutane ya yi ƙuraje?"

Iya ta tsaya. Ta sani sarai, a ƙauyenmu ma haka ake yi. Ga ganyen darbejiya a jiƙe a ƙwarya, ga girman tukunyar, duk a gabanta, amma gajiya da tsoro sun rufe mata ido, ta ɗauka rowar birni ce. Ta dawo.

Kaltume ta ɗaga murya ta kan katanga. "Azumi! Miƙo wuta, baƙuwa gare ni!"

"Baƙuwa daga ina?" aka amsa daga can.

"Ina na sani? Ke dai miƙo, sarkin tambaya."

Sai ga hannu ta saman katanga da garwashi a kasko, sai ga kai ya biyo hannun. "Sannu Iya. Gidan wa kika sauka? Me ya samu gwiwar?"

Aka ba ta kujera 'yar tsugunno. Aka ba ta kunun kanwa daga na mai jego. Iya ta riƙe ludayi ba ta sha ba.

"'Yarki ce ta haihu?"

"Ina na gan ta? Nawa duk maza ne, Allah ya shirye su. Matar wani mai facin taya ce, 'yan haya ne a ɗakin can. Daga wajen Azare suka zo, watansu huɗu. Uwarta ba ta samu zuwa ba. Sai mu zuba mata ido?"

"Itacen fa? Kwana arba'in ba wasa ba ne."

"Kowane gida da ranarsa. Yau na gidan liman ne, kin ga ɗanye ya aiko mana, malam guda, shi ya sa nake ta hawaye tun asuba."

Azumi ta ce daga kan katanga, "Zan gaya masa."

"Gaya masa mana, ki ƙara da cewa na ce jiƙaƙƙe ne."

Iya ta yi tambayar da ta kawo ta. "Da naƙudar ta tashi, wa ya kai ta asibiti?"

"Mijin wannan mai dogon bakin. Amalanke gare shi. In ba ya nan a ɗauka, ba ya kulle ta."

Nan Iya ta ajiye ludayin ta gaya musu komai, tun daga bakin kogi. Kaltume ta saurara tana juya ruwa. Da ta gama sai ta ce akwai ɗaki biyu a gidan da ke jikin na Azumi, mai su ya koma Wurno wajen gonarsa. Ginin ƙasa ne, soron ɗaya yana yoyo, ruwa kuma sai rijiya. Asibiti ya fi nisa daga nan sau biyu. Ba ta ɓoye ko ɗaya ba.

Iya ta iske Baba a tasha an gama lodi, yana duba taya.

"Gidan ƙasa? Iya, gidan ƙasa na baro, in zo birni in sake shiga gidan ƙasa mai yoyo? Me zan ce wa Alhaji? Me direbobi za su ce? Ga siminti, ga famfo, ga asibiti a ƙofar gida, ki ce sai gindin dutse don wata mata ta ba ki kunu?"

Ya juya zai hau mota.

"Iliyasu."

Shekararsa talatin da huɗu, bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ya sauko da ƙafar da ya ɗora.

"Jariran nan biyu ni na wanke su, ni na naɗe su. Kai kana hanya. Ba laifinka ba ne, abinci kake nema. Amma wannan karon ma kana hanya za a yi. Ka bar ni in zaɓi waɗanda zan kira."

Ya tsaya yana murza tsumman hannunsa. Can ya aika a gaya wa Alhaji Barau ya gode, a ba malamin gona. Har ya rasu bai taɓa cewa Iya ta yi daidai ba, kuma duk damina sai ya yi mitar yoyon soron nan. Amma bayan mako biyu da motarsa ya kwaso kayanmu, kwana tara kafin kogi ya rufe hanya.

Naƙudar ta tashi a watan Agusta, bayan azahar, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Baba yana Potiskum mota ta lalace. Mahaifiyata ta fito za ta kama ruwa, sai ta durƙushe a tsakar gida, jini ya biyo ƙafarta tun kafin komai. Iya ta kama hannunta ta ja, ta kasa ko motsa ta. Sau ɗaya ta yi kira.

Azumi ta katanga ta diro, ba ta tsaya zagayowa ta ƙofa ba. Kaltume ta shigo da mata biyu, suka ɗauke ta cak a cikin zani. Shanun amalanke suna gona, saboda haka maza huɗu suka kama, biyu suna ja biyu suna turawa, cikinsu har da liman da mai facin taya. Aka rufa mata tabarma. Iya tana biye tana jan ƙafa cikin taɓo, suna yi mata nisa, ba ta ce su jira ta ba.

A asibiti aka ce sai an ƙara mata jini. A wancan lokacin mutane suna tsoron ba da jini, gani suke wanda aka ɗebi nasa ba zai sake ƙarfi ba. Mazan suka fara duban juna. Kaltume ta tare ƙofa da jikinta.

"Ba mai fita. Malam, kai za ka fara, ka rama ɗanyen itacenka."

Aka gwada su huɗu, na mutum biyu ya yi daidai.

Iya ta ƙi shiga. A baranda ta zauna a ƙasa, jiƙe sharkaf, ta jingina da ginshiƙi, tun la'asar har aka kira magariba. Duk wanda ya fito da farin kaya sai ta sunkuyar da kai don kada ya nufo ta. Da ma'aikaciyar jinya ta fito tana tambaya ina uwar mijin Zahara'u, Kaltume ce ta nuna ta.

"An samu mace. Uwar ta galabaita, za ta kwana biyu a nan, amma tana lafiya."

"Duka biyun?"

"Duka biyun, Iya."

"Ita ma uwar?"

"Ita ma. Ta ma tambaye ki."

Iya ta dafa ƙasa za ta tashi, ƙafafun suka ƙi. Ta sake gwadawa, suka ƙi. Kaltume da Azumi suka kama ta ta hammata suka shigar da ita ɗakin, ƙafarta ba ta taɓa ƙasa, ta ga surukarta ta ga jikarta. Da za a koma gida ma ba ta iya takawa ba, sai a amalanken aka ɗora ta, liman yana turawa da auduga manne a hannunsa. Suna cikin tafiya ta fara damuwa da wanda zai kai wa Direba labari, ita ba ta san kowa a tasha ba.

Kaltume ta ce, "Zauna da kyau kada ki faɗo mana. Tun la'asar aka aika."